Tambaya da Amsa: Gasar Mutum-mutumi ta Ɗalibai, Watsa ta Kai Tsaye da Dabarun Cin Wasa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon sun karkata ga gasar mutum-mutumi da ɗalibai ke yi, kuma mun zaɓi huɗu daga cikinsu waɗanda amsarsu za ta amfani masu tambaya da ma waɗanda ba su rubuto ba.

Tambaya daga wani uba: Assalamu alaikum. 'Yata ta shiga ƙungiyar ƙera mutum-mutumi a makarantarsu, tana ta ambaton sunayen gasa iri-iri waɗanda ban san bambancinsu ba. Ina son a yi mini bayanin yadda ake yin wannan gasa, domin in san abin da take ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gasar ɗalibai da ta fi shahara ta samo asali ne daga ƙungiyar FIRST, wadda injiniya Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, aka kuma yi gasarta ta farko a 1992 a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. A yau tana da matakai. FIRST LEGO League, wadda aka fara a 1998, ta yara ce, inda ƙaramin mutum-mutumi ke aiwatar da ayyuka a kan tebur cikin minti biyu da rabi ba tare da kowa yana tuƙa shi ba. FIRST Tech Challenge ana yin ta ne a fili mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 12, kuma dole mutum-mutumin ya fara wasa yana iya shiga akwati mai inci 18 ta kowane ɓangare. Babbar cikinsu ita ce FIRST Robotics Competition, mai fili na kusan mita 8 da mita 16, inda mutum-mutumi ɗaya ke iya haura kilo 50. Akwai kuma gasar VEX, da World Robot Olympiad da aka fara a 2004, da FIRST Global Challenge wadda aka buɗe a Washington a 2017, inda kowace ƙasa ke tura ƙungiya ɗaya ta matasa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa a mafi yawan waɗannan gasa ba a yin karawar mutum ɗaya da ɗaya. Ana haɗa ƙungiyoyi biyu ko uku su zama ɓangaren ja, wasu kuma ɓangaren shuɗi, sannan a sake gauraya su a wasa na gaba, ta yadda wanda 'yarka ta kara da shi da safe zai iya zama abokin ƙawancenta da rana. Kowace shekara kuma ana fito da sabon wasa da sabbin dokoki, saboda haka mutum-mutumin bara ba ya aiki a bana. Ka tambaye ta sunan gasar tasu, ka zauna ka kalli wasa biyu ko uku tare da ita, za ta yi maka bayanin sauran da kanta fiye da yadda zan yi.

Tambaya daga wani malamin kimiyya: Ni ne mai kula da ƙungiyar ɗalibai a makarantarmu. Yaran sun ƙera mutum-mutumin da ke iya yin kusan duk ayyukan da ke cikin wasan, amma a gasar da muka je, ƙungiyoyi masu mutum-mutumi marasa wani abin burgewa suka yi ta cin mu. Yaran sun karaya ƙwarai. Mene ne ba mu fahimta ba?

Amsa: Malam, abin da ya same ku yana samun sabbin ƙungiyoyi da yawa, kuma yana da magani. A wajen gasa ba a ba da maki a kan abin da mutum-mutumi zai iya yi. Ana ba da maki ne a kan abin da ya yi a cikin wasa mai minti biyu ko biyu da rabi, yana cikin cunkoso, abokan hamayya suna tunkuɗarsa, batirinsa yana raguwa, direbansa kuma yaro ne da hannunsa ke rawa saboda ihun jama'a. Na'urar da ta yi aiki sau ɗaya cikin uku a ɗakin gwaji ba za ta gyaru da kanta ba don an shiga fili. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar, kuma ƙungiyar da ta raba makonninta kan na'urori biyar takan isa gasa da na'urori biyar waɗanda babu wadda aka gama a cikinsu.

Aikin dabara yana farawa ne tun kafin a ɗaura ƙusa ɗaya. A ranar da aka fito da sabon wasa, ku zaunar da yaran su karanta littafin dokokin daga farko har ƙarshe, su rubuta duk hanyar da ake samun maki, da duk laifin da ake rage maki ko ƙara wa abokin hamayya maki a kansa. Daga nan sai a yi wa kowane aiki tambaya guda: maki nawa yake bayarwa, kuma daƙiƙa nawa yake ci? Bari in kawo misali na lissafi kawai. A ce jefa ƙwallo a ƙaramar raga yana ba da maki 2, kuma zuwa ɗauko ƙwallo da dawowa da jefawa yana cin daƙiƙa 8. A cikin daƙiƙa 120 za a yi zagaye 15, a tashi da maki 30. A ce kuma raga ta sama tana ba da maki 5, amma saboda sai an tsaya an daidaita an ɗaga hannu, zagaye ɗaya yana cin daƙiƙa 25, kuma ana kuskure sau ɗaya cikin uku. Wannan mutum-mutumin da ƙyar zai yi zagaye biyar, ya tashi da maki 15 ko ɗan sama da haka. Wanda ya zaɓi ƙaramar raga ya ninka shi, alhali a idon mai kallo na biyun ne gwani. Idan yara suka yi wannan lissafi da hannunsu a kan allo, gardamar abin da za a ƙera takan mutu da kanta.

Bayan lissafi, a fara da ƙafafu. Mutum-mutumin da ke tafiya da ƙarfi, yana juyawa yadda direba ke so, ba ya tsayawa a tsakiyar wasa, ya riga ya zama mai amfani ga abokan ƙawancensa ko da bai jefa ƙwallo ɗaya ba, domin zai iya tare hanya, ya turo kayan wasa, ya isa wurin da ake ba da makin ƙarshe. Wanda kuwa wayarsa ta kwance a daƙiƙa ta 20 ya zama shinge a tsakiyar fili. Idan ka lura da teburin gyara na ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar, za ka ga an rubuta lamba a jikin kowane batir, akwai yaron da aikinsa shi ne auna cajinsa da rubuta wanda aka yi amfani da shi, akwai kuma takarda da ake bi layi-layi kafin kowane wasa: a ja kowace waya a ji ko ta kamu, a taɓa kowane noti, a juya kowace taya da hannu. Ba aiki ne mai ƙayatarwa ba, amma wasanni da yawa a nan ake cinsu ko a rasa su.

Sai batun farkon wasa da ƙarshensa. A yawancin gasa, wasa yana buɗewa da ɗan lokacin da mutum-mutumi ke aiki da umarnin da aka rubuta masa kawai, ba tare da direba ba: daƙiƙa 15 a gasar VEX ta 'yan sakandare, daƙiƙa 30 a FIRST Tech Challenge. Sau da yawa makin wannan lokaci ya fi tsada, kuma ba mai tsoma baki, saboda haka ya fi kowane maki tabbas ga wanda ya shirya. Shawarata ita ce a rubuta umarni mai sauƙi wanda yake aiki sau goma cikin goma, kafin a yi kwaɗayin mai wahala. Haka nan ƙarshen wasa, inda akan ce a hau wani abu, ko a rataye, ko a tsaya a wani wuri. A auna daƙiƙa nawa wannan aikin ke ci, a ƙara masa 'yan daƙiƙu na tsautsayi, sannan a ba wani ɗalibi aikin kallon agogo da sanar da direba lokacin barin komai. Zagaye ɗaya na kwaɗayi a daƙiƙun ƙarshe ya sha jawo asarar makin da ya ninka nasa sau da yawa.

Abu na ƙarshe, kuma wanda na fi ganin ana sakaci da shi, shi ne atisayen direba. A sanya ranar da za a daina ƙira, a miƙa mutum-mutumin ga masu tuƙi, ko da akwai sauran abin da ake son ƙarawa. Direban da ya shafe makonni yana tuƙa mutum-mutumi matsakaici zai doke wanda ya fara taɓa nagartacce a daren gasa. A yi atisayen da agogo, a zuba kayan wasa yadda suke a fili na gaske, a sa wani ya riƙa tare hanya da akwati mai taya domin direba ya saba da cunkoso. Su kuma yaran, ka nuna musu cewa ilimin da suka samu wajen ƙera na'urori biyar bai tafi a banza ba. Abin da ya rage shi ne su zaɓi biyu su ƙware a kansu.

Tambaya daga wata ɗaliba: Makarantarmu za ta karɓi baƙuncin ƙaramar gasa, kuma an ɗora mini alhakin watsa ta kai tsaye a intanet domin iyaye da sauran ƙungiyoyi su kalla. Muna da kwamfuta ɗaya da kyamara biyu. Ta ina zan fara, kuma me zan guje wa?

Amsa: 'Yata, an ba ki aiki mai muhimmanci, kuma kayan da kike da su sun isa. Ki fara da intanet kafin kyamara. Abin da ke damun mai watsawa shi ne saurin ɗora bayani, ba saurin saukewa ba, kuma mutane sukan ruɗe da lamba ta biyun domin ita ce ta fi girma. Hoto mai matakin 720p yana buƙatar kimanin megabit 3 a daƙiƙa, mai matakin 1080p kuma kimanin 5 zuwa 6. Ki tabbata saurin ɗorawar layinku ya kai ninki biyu na abin da za ki aika, kuma ki auna shi a ɗakin gasar, a daidai wurin da za ki zauna. Idan layin bai kai ba, ki sauko zuwa 720p ba tare da jin kunya ba, domin hoto matsakaici da ke tafiya babu yankewa ya fi hoto mai kyau da ke daskarewa a lokacin da ake jefa ƙwallon ƙarshe. Idan kuma da data za ki yi, ki sani cewa megabit 3 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.35 a awa guda.

Ki haɗa kwamfutar da waya kai tsaye zuwa na'urar intanet, kada ki dogara da Wi-Fi. Dalilai biyu ne. Na farko, idan ɗaki ya cika da mutane masu wayoyi, Wi-Fi da ya yi aiki lafiya da safe yakan durƙushe. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci, mutum-mutumin da ke cikin fili su ma ta iska suke karɓar umarni, shi ya sa dokokin gasar FIRST suka hana buɗe Wi-Fi na kai a wurin gasa. Bai dace a ce watsawar da aka yi domin nuna wasa ita ce ta katse sadarwar wani mutum-mutumi ba.

Manhajar OBS Studio kyauta ce, kuma tana aika hoto zuwa YouTube ko Twitch ko Facebook. Idan YouTube za ku yi amfani da shi kuma tashar ba ta taɓa watsa kai tsaye ba, ki nemi izinin tun da wuri, domin buɗewar farko tana iya ɗaukar awa 24. Ki kuma kunna naɗin bidiyon a cikin kwamfutar a lokaci guda da watsawa, ta yadda ko intanet ya yanke, wasannin suna nan.

Game da kyamarori, a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ki ɗora ta farko a wuri mai tsayi, a tsakiyar gefen fili, a kan ƙafafunta, ta ɗauko filin gaba ɗaya, kuma da zarar an fara wasa kada a taɓa ta. Mai ɗaukar hoto yakan ji sha'awar bin mutum-mutumin da ya fi ƙwazo da kyamara, amma a fili akwai huɗu ko shida, kowane yana da iyaye da ke nemansa, kuma abin da ke yanke hukuncin wasa sau da yawa yana faruwa ne a can kusurwar da ba a kallo. Kyamara ta biyu ki ajiye ta domin tsakanin wasanni: fuskokin direbobi, teburin gyara, hira da ɗalibai. A saman hoton ko ƙasansa kuma dole a ga lambar wasa, da lambobin ƙungiyoyin ja da na shuɗi, da agogo, da maki. Idan manhajar lissafin gasar tana fitar da allon maki, ki jawo shi cikin OBS. Idan babu, ki rubuta lambobin da hannu kafin kowane wasa. Idan nisan kyamara da kwamfuta ya wuce mita 10 zuwa 15, wayar HDMI ta yau da kullum takan fara gardama, sai a nemi na'urar ƙara mata zango ko a matso da teburin.

Sauti kuwa, ki jawo shi da waya daga na'urar haɗa sauti da mai sharhi ke amfani da ita, domin makirfon jikin kyamara ba abin da zai ɗauko sai amsa-kuwwar ɗaki. Ki saurara da abin kunne a tsawon yinin. Ki kuma yi magana da mai sa kiɗa a wurin, domin YouTube da Twitch suna gane waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, kuma suna iya kashe sautin bidiyon ko katse watsawar. Mafita ita ce a aiko miki da muryar mai sharhi kaɗai, a bar kiɗan a lasifikar ɗaki.

Kada ki manta cewa yara za ki nuna wa duniya. Hukumar makaranta ta karɓi amincewar iyaye a rubuce, a kira ƙungiyoyi da lambarsu ko sunansu maimakon cikakken sunan ɗalibi, a sa wani babba ya kula da akwatin saƙonnin masu kallo ko a rufe shi. Sannan ki yi gwaji cikakke kwana ɗaya kafin gasa, na aƙalla rabin awa, ki sa wani ya kalla daga wani wuri ta wayarsa ya gaya miki abin da ya gani da abin da ya ji.

Tambaya daga wani ɗalibi: Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu. Wasu daga cikinmu suna ganin kallon bidiyon wasannin abokan hamayya da rubuta rauninsu kamar leƙen asiri ne, bai dace ba. Shin haka ne? Idan kuma ya halatta, yaya ake yin sa?

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalin abokanka. Abin da aka yi a fili a gaban jama'a, aka kuma watsa shi ga duniya, an yi shi ne domin a gani, kuma nazarin wasannin wasu sashe ne na gasar da kowa ya yarda da shi. Akwai ma shafin The Blue Alliance da ke tara sakamako da bidiyon wasannin FIRST Robotics Competition na shekaru da dama. Marigayi Woodie Flowers, farfesa a jami'ar MIT kuma ɗaya daga cikin iyayen wannan gasa, ya kafa ta ne a kan aƙidar cewa a yi hamayya da iyakar ƙarfi tare da mutunta abokin hamayya da taimaka masa, shi ya sa za ka ga ƙungiya ta ba wadda za ta kara da ita aron kayan gyara. Abin da bai dace ba shi ne taɓa kayan wani ba da izini ba, ko yi wa abokan ƙawance ƙarya game da abin da mutum-mutuminku ke iyawa.

Yadda ake yin sa kuwa shi ne a ba kowane mai kallo mutum-mutumi ɗaya tak a kowane wasa, da takarda iri ɗaya ga kowa. Ya rubuta abin da ake iya ƙirgawa: daga ina ya fara, me ya yi a lokacin sarrafa kai, sau nawa ya jefa kuma sau nawa ya ci, ya yi aikin ƙarshe ko bai yi ba, ya tsaya a tsakiyar wasa ko bai tsaya ba, laifi nawa alƙalin wasa ya ɗaga masa tuta. Kalmomi irin su "yana da kyau" ba su da amfani idan an zo yanke shawara. Amfanin bidiyo a nan shi ne ana iya tsayar da shi a koma baya, a riƙe agogo a auna tsawon zagayen kowace ƙungiya, kuma wannan ne dalilin da ya sa na matsa wa 'yar'uwarka mai tambayar da ta gabata kan kyamarar da ba ta motsi. Ku fara da bidiyon wasanninku kafin na kowa, domin a nan ne za ku ga daƙiƙun da direba ke ɓatawa wajen juyi, ko hanyar da kuke cin karo da abokan ƙawancenku.

Kada ku dogara da teburin matsayi kaɗai. Tun da ana gauraya ƙungiyoyi, mai rauni zai iya hawa sama saboda ya yi dacen abokai, gwani kuma ya faɗo saboda akasin haka. Akwai lissafin da ake kira OPR, wanda ke ƙiyasta gudummawar kowace ƙungiya daga jimillar makin duk wasannin da ta buga, kuma yana taimakawa, amma ba ya ganin mai tsaron da ya hana abokan hamayya sakewa, domin aikinsa ba ya bayyana a makin ɓangarensa.

Duk wannan tattara bayani yana yin amfani a wurare biyu. Kafin kowane wasa, ku je wurin abokan ƙawancenku ku raba aiki: wa zai fara daga ina domin kada mutum-mutumi biyu su yi karo a lokacin sarrafa kai, wa zai jefa, wa zai tare hanya, wa zai fara tafiya aikin ƙarshe. Ku faɗi abin da kuke iyawa a mafi yawan wasanni, ba abin da kuka taɓa yi sau ɗaya ba. Wuri na biyu shi ne lokacin zaɓen ƙawance, inda ƙungiyoyin da suka zo sama, waɗanda a FIRST Robotics Competition yawanci takwas ne, ke zaɓen abokan da za su shiga zagayen ƙarshe da su. Ku shirya jerin sunayenku tun daren da ya gabata, ko da ba ku sa ran zama masu zaɓe, kuma ku nemi wanda zai cike giɓinku: idan ku masu jefawa ne, mai tsaro mai ƙarfin ƙafa wanda bai taɓa tsayawa ba a wasanninsa ya fi muku amfani a kan mai jefawa na biyu da zai riƙa tsayawa a wurin da kuke tsayawa. Idan kuwa kuna ƙasan tebur, ku ɗauki takardun alƙalumanku ku je wurin kyaftin-kyaftin ɗin da ke sama, ku nuna musu aiki ɗaya da kuke yi a kowane wasa ba fashi, ku kuma ba su lambobin wasannin da za su duba a bidiyo su tabbatar da kansu.